Gonar Ajingi Ta Rifkatu Ce

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Ni ne Badaru Muzammil, tsohon hedimasta, mazaunin garin Gaya. Da hannuna nake rubuta wannan wasiyya, hankalina a jikina, babu wanda ya tsaya a kaina, ba kuma zafin ciwo ne yake magana ba. Na faɗi haka tun farko domin na san idan kuka kai magana ta uku, za a sami wanda zai ce ciwo ya taɓa kan Baba. Ƙoda ce ta gaji, kai yana nan lafiya lau. Likitan da nake gani a Kano ya daina yi mini faɗa a kan gishiri, ya koma tambayata lafiyar iyali. Ni kuwa shekara talatin da ɗaya na yi ina karantar fuskokin yara, ta likita ba za ta gagare ni ba.

Saƙon naku ne, ’ya’yana uku, Ja’afar, Suhaibu da Haulat, da mahaifiyarku Hure. Ƙanena, Baffanku Abdulmumin, shi na naɗa ya tsaya a kan abin da na rubuta. A karanta a gaban kowa, kada a tsallake layi ko ɗaya don ana jin nauyin wani.

Na ɗaya. Idan lokaci ya yi, a yi mini wanka da salla a kai ni makwancina ba tare da jiran kowa ba. Wanda yake Kano ya same ku a wurin zaman makoki. Kada a kafa rumfa a tare hanyar mutane, kada kuma a ɗauko lasifika a yi ta lissafa halayen da ban taɓa sanin ina da su ba.

Na biyu. Gida, da gonakin Gaya, da filin bakin hanyar Kademi, da dabbobi, a raba su yadda shari’a ta tsara, malamin da ya san gado ya raba. Hure ta zauna a ɗakinta har ƙarshen ranta, kada wani ya zo mata da tef yana awo.

Kafin magana ta uku, dole in rubuta abin da ya faru. Kowannenku ya san wani ɓangare, kowannenku kuma ya zaɓi ɓangaren da ya fi masa daɗin riƙewa.

Wata takwas da suka wuce, ranar wata Talata da hantsi, ina zaune a zaure, wani dattijo ya sauka daga kan babur ya yi sallama. Ya ce sunansa Inuwa, manomi ne daga wani ƙauye da ke bayan Ajingi, Bahaushe ne, Kirista, dattijo ne kuma a cocinsu. Ya ce Baffa Abdulmumin yake nema, wanda shekara biyu da suka wuce ya je gidansa da goro da alewa ya nema wa ɗansa Suhaibu auren ’yarsa Rifkatu. Na aika aka kira Abdulmumin daga shagonsa. Da ya shigo, dattijon ya dube shi sama da ƙasa ya ce, “Malam, ba shi ba ne.” Sai ya ciro waya ya nuna mana hoton da aka ɗauka ranar gaisuwar.

Maikuɗi ne, dillalin gyaɗa na kasuwar Ajingi, a hakimce a kan kujera, da carbi a hannu, ya sha kunu kamar alƙali. Abokan Suhaibu biyu suna durƙushe a gefensa. Rigar da ke jikinsa kuwa babbar rigata ce, shuɗiyar shaddar da na saka ranar da aka yi mini bikin ajiye aiki, wadda Hure ta yi kwana uku tana nema a akwati har ta zargi mai wanki.

Ga yadda abin yake. Suhaibu yana da shagon taki da maganin feshi a Ajingi. Rifkatu tana ɗinki a layin da ke bayansa. Ya nuna yana sonta, ta ce masa a gidansu ba a hira da saurayi sai manya sun shigo. Shi kuwa ya san idan ya zo mini da maganar zan yi masa tambayoyi, Baffansa na gaskiya kuma zai yi masa waɗanda suka fi nawa. Sai ya yi hayar baffa, ya ɗauke rigata a ɓoye ya saka masa. Da wannan gaisuwar ta bogi aka buɗe masa ƙofar gidan mutane, ya yi shekara yana shiga yana fita, ana kiransa suruki, ana zuba masa tuwo a kwanon baƙi. Kullum aka tambayi ranar ɗaurin aure sai ya ce Baba ba shi da lafiya. A nan kaɗai ya faɗi gaskiya. Da ciki ya bayyana, ya canja layin waya, ya bar wa yaronsa shago, ya dawo Gaya ya zama mutumin kirki. An haifi yarinya, sun sa mata suna Murna.

Na tambayi dattijo Inuwa abin da yake so a yi. Na ɗauka zai ce kotu. Sai ya ce, “Malam, ban zo ƙara ba. Yarinya za ta girma ta yi tambaya. So nake in san ko akwai gidan da zan nuna mata.” Shekara hamsin da takwas nake da su, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Da na tsare ka, Suhaibu, ka tuna amsar da ka ba ni? Ka sunkuyar da kai ka ce, “Baba, ai Kirista ce, akwai bambancin addini.” Shekara guda kana bin hanyar ƙauyen nan, kana wucewa ta gaban cocin, har kana jiran ta a gindin bishiya ranar Lahadi ta fito daga sujada, amma ba ka gano Kirista ce ba sai da ciki ya kai wata huɗu. Allah ya yi maka basira mai saurin gaske. Na yi shekaru ina koyar da yara masu jinkirin fahimta, ban taɓa haɗuwa da kamarka ba.

Kai kuma Ja’afar, malamin Islamiyya, da na nemi shawararka, ka gyara zama ka ce dama auren Kirista makaruhi ne a mazhabarmu. Na ji. Auren makaruhi ne. To abin da ƙanenka ya yi fa, mustahabbi ne? Addininmu ya ba shi hanya ya aure ta tana Kiristarta, ya biya sadaki, a yi shaidu, a haifi ’ya mai uba. Hanyar a buɗe take, ya ƙi bi. Bayan ya gama ɓarna kuma ya ɗauko addinin ya kare fuska da shi. Wannan ne abin da ya fi ƙona mini rai. Laifin saurayi da budurwa tsohon abu ne, babu garin da ba a yi. Amma mutum ya cuci ’yar mutane sannan ya ce Musulunci ne ya hana shi gyarawa, wannan ƙazafi ne ga Musulunci, kuma a gidana aka yi shi.

Bayan sati biyu na hau mota zuwa Ajingi, daga can na hau babur zuwa ƙauyen. Tun ina kwalejin horon malamai na karanta littafin Kiristoci da aka fassara da Hausa, saboda wani abokin ɗakina da muke kwana muna musu. Saboda haka ban je a baƙo ga maganarsu ba. Ni Musulmi ne, a kan haka nake roƙon Allah ya ɗauki raina. Ban yarda Allah yana da ɗa ba, ban yarda da uku cikin ɗaya ba, ban yarda an gicciye Annabi Isa ba. Na faɗa wa Inuwa haka a gindin darbejiyar ƙofar gidansa, shi ma ya faɗa mini abin da bai yarda da shi ba a nawa, bai rage komai ba. Muka sha fura, babu wanda ya ja wani.

Amma ku saurari abin da ba ku sani ba. A wurinsu mace ɗaya ce ga namiji ɗaya har mutuwa, saki kuwa abu ne mai wuyar gaske. Don haka idan saurayi ya ce wa yarinyarsu zai aure ta, abin da kunnenta ya ji shi ne dukan rayuwa. Mu da aka ba mu damar huɗu, aka kuma bar mana ƙofar saki, wasunmu sun mai da kalmar aure kamar tayin tumatir, a yi da safe a janye da yamma. Ba haka aka ba mu damar ba. Inuwa ya sha suka daga ’yan’uwansa dattawan coci don ya karɓi gaisuwar Musulmi, domin su ma ba sa son ’yarsu ta auri wanda ba nasu ba. Ya ce musu yaro ya biyo ta ƙofa, ya zo da manyansa, ba zai kore shi ba. Ya sa mutuncinsa a kan maganar Maikuɗi dillalin gyaɗa.

Da ciki ya fito, ga abin da aka yi mata bisa tsarinsu. Ranar Lahadi ta tsaya a gaban jama’ar coci gaba ɗaya, da iyayenta da ƙannenta da matan da take yi wa ɗinki, ta faɗi laifinta da bakinta. Aka cire ta daga ƙungiyar mawaƙa, alhali ita ce mai ba da waƙa. Aka hana ta cin jibin da suke ci don tunawa da Almasihu. Aka mayar da ita bencin baya, kusa da ƙofa, inda wanda ake yi wa horo yake zama, har tsawon shekara. Ubanta ya ajiye muƙaminsa da kansa. Na shiga cocin, ginin ƙasa ne da rufin kwano, na ga bencin. A cikin waɗannan watannin, Suhaibu, kai kana sahun farko a masallacin unguwarmu, wani lokaci ma kai kake kiran salla idan ladan ya makara. Mutane suna cewa Malam Badaru ya iya tarbiyya.

Ban bar Inuwa haka ba, kun san halina. Na ce masa, ku da kuke cewa Almasihu ya ɗauke muku zunubi, me ’yarka take yi a bencin baya? Ya ce bencin ba biyan zunubi ba ne, hanya ce ta dawo da mutum cikin ’yan’uwansa, ranar da ta gama kuma za a karɓe ta da waƙa. Sannan ya dube ni ya ce, “Ku kuma, Malam, na ji kuna cewa kowa shi zai ɗauki kayansa, ba mai ɗaukar na wani. To ina ɗanka?” Abin da na iya ce masa shi ne, mu da ku duka, wadda cikinta ya fito muke kamawa, namijin kuwa ya saɓa hula ya tafi kasuwa. Ya ce wannan gaskiya ce. A kan wannan kaɗai addininmu biyu suka haɗu a ranar, kuma ba abin alfahari ba ne.

Na bincika iya karatuna, ban ga addinin da ya ce ka yi wa mace alkawari, ka bar ta da ciki, ka canja layin waya ba. Namu bai ce ba, nasu bai ce ba. Ko kakanninmu da suka yi zamani kafin salla ta zo ƙasar nan, ban ji an ce sun ɗauki wannan a matsayin hali na ɗa namiji ba.

Na uku. Shari’a ta ba ni ikon yin wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyata ba ga wanda ba magajina ba, ba ta kuma ce sai Musulmi ba. Gonata ta gyaɗa da ke Ajingi, wadda ta yi iyaka da fadama, na ba Rifkatu ’yar Inuwa da ’yarta Murna. Na sa an ƙiyasta, ba ta kai sulusi ba. Abdulmumin da limamin unguwa sun shaida, takarda tana hannun Abdulmumin. A fitar da ita kafin a fara rabon gado. Na san ita ce gonar da ta fi kowace albarka, na san kuma Suhaibu ya daɗe yana zagaya ta da ido. Da gangan na zaɓe ta.

Babu sharaɗi a kan kyautar nan. Ja’afar ya ba ni shawara in ce sai in ta musulunta. Na ƙi, kuma ina hana ku bayan raina. Abin da ta gani na Musulunci zuwa yau shi ne Suhaibu da baffan haya. In kuna so ta ga wani abu dabam, ku nuna mata a halinku. Ba a sayen imani da gonar gyaɗa, wanda aka saya da ita kuwa ba zai wuce kaka ɗaya ba.

Na huɗu. Kada kowa ya raba Murna da uwarta. Na ji maganar da ake yi a tsakar gida, ana zaton barci nake, cewa idan an yaye ta sai a ɗauko ta a kawo wa Hure don kada ta tashi a coci. Ku tsaya in fahimta. Da aka zo maganar ci da sha da asibiti, Ja’afar ya buɗe littafi ya nuna mini cewa ’yar da aka haifa ba aure ba a jingina ta ga uba, ba ta gadonsa. Na yarda, haka hukuncin yake, ban isa in canja shi ba. Amma da aka zo maganar ƙwace ta daga hannun uwar da ta sha wahalarta, sai ta zama jininmu. Ku zaɓi ɗaya. Hukuncin ya ce ba ta gado, bai ce a bar ta da yunwa ba, bai kuma ce a sace ta ba. Suhaibu, hatsinta da suturarta da makarantarta da maganinta suna wuyanka, ka kai da ƙafarka, ba aike ba. Idan ta girma, ƙofar gidan nan a buɗe take gare ta, ta ga sallarku, ta ga sujadar uwarta. Shiriya ta Allah ce, ba a hannun Ja’afar take ba.

Na biyar. Suhaibu, ka koma ƙauyen da rana tsaka, tare da Baffanka na gaskiya, ka durƙusa a gaban Inuwa da matarsa, sannan a gaban Rifkatu, ka faɗi abin da ka yi da bakinka kamar yadda ita ta faɗi nata a gaban jama’a. Kada ka je da tayin aure kamar wanda ya kawo kyauta. Na tambaye ta da kaina ko za ta yarda a ɗaura, ta ce, “Baba, na gode da zuwanka, amma wanda ya yi hayar baffa zai iya yin hayar komai.” Ban ga laifinta ba. In ta sauya ra’ayi wata rana, ita ta sani. Afuwa za ka nema, ba mata ba.

Na shida. Maganar aurenka da yarinyar Kademi da ake shirin sa rana. Ba za a sa ranar ba sai iyayenta da ita kanta sun ji labarin nan daga bakinka, da sunan Rifkatu da na Murna. In sun ji sun amince, Allah ya sa albarka. In sun fasa, sun yi abin da ni ma zan yi in da Haulat ce. Hure, na san wannan zai yi miki ciwo, kin riga kin fara tara kayan lefe. Ki yi haƙuri. An yaudari gida ɗaya da sunana, ba za a yaudari na biyu ba.

Na bakwai. Rigimar Abdulmumin da Maikuɗi ta ƙare haka nan. Abdulmumin, na san ka je har kasuwar Ajingi ka ci kwalarsa a gaban masu awo, tun daga ranar kuma ba kwa gaisawa. Ya isa. Mutumin ya zo ya same ni ya yi kuka, ya ce ya ɗauka wasan yara ne da zai ƙare da aure. Wauta ce ta yi masa yawa, muguntar ba tasa ba ce. Shuɗiyar rigar kuma a ba shi. Ni ba zan ƙara iya saka ta ba, shi kuwa na ga a hoto ta yi masa kyau.

Na takwas. Littattafaina duka na Haulat ne, ita kaɗai ce take mayar da littafi inda ta ɗauke shi. A cikinsu akwai littafin Kiristocin nan, gefen shafukansa cike da musun da na yi da jan biro tun ina saurayi. Ja’afar, kada ka ƙona shi. Ka karanta in kana da hali, imaninka ba zai zube ba, nawa bai zube ba. Mutumin da bai san abin da maƙwabcinsa ya yi imani da shi ba, ƙarya kawai zai riƙa yi a kansa, yana zaton wa’azi yake.

Haulat, ke kuma ga taki. Duk wanda ya zo neman aurenki, a bincika baffansa kafin a bincika shi. Kuma ki riƙa zuwa wurin Rifkatu. Sa’arki ce, ɗinkinta ya fi na telan da kike kai wa.

Na tara. Inuwa zai zo ta’aziyya, na san halinsa. A shimfiɗa masa tabarma cikin dangi, ba can gefe wurin takalma ba. Idan ya yi mini addu’a irin tasu, ku bar shi, kada wani ya yi masa gyaran murya. In Rifkatu ta zo da yarinyar, a shigar da su wurin Hure, duk matar da ta tambaya ’yar wace ce, a ba ta amsa ba tare da an rage murya ba.

Hure, shekara talatin da uku kin haƙura da mutum mai yawan magana da gardama. Allah ya saka miki da Aljanna, ki yafe mini. Ja’afar, na yi maka tsiya da yawa a takardar nan don na san kana da ƙwaƙwalwar ɗauka. Kai ne babba. Allah ya ƙara maka ilimi, ya haɗa maka da tausayi, ya sa ka zama inuwar ƙannenka. Haulat, Allah ya ba ki miji mai faɗin gaskiya ko da ba ta yi masa daɗi ba.

Suhaibu, ban yi maka baki ba, ba kuma zan yi ba. Kai ɗana ne, ranar da aka haife ka na fi kowa murna a garin nan. Abin da ka yi mini na yafe, duniya da lahira. Na Rifkatu kuwa ba nawa ba ne balle in yafe, Allah ma ya bar haƙƙin bawa a hannun bawa. Ka je ka nema tun tana da rai kana da rai. Allah ya ba ka ƙarfin zuciyar yin haka, ya shirye ka, ya yi maka albarka.

Ku riƙe juna bayan raina. Kada gona ta raba ku, kada maganar mutane ta raba ku, ku riƙa cin abinci a kwano ɗaya ko da sau ɗaya ne a wata. Allah ya haɗa kanku, ya rufa muku asiri, ya sada mu a gidan rahama. Duk ranar da kuma aka tambaye ku jikokin Malam Badaru nawa ne, ku fara ƙirgawa daga Murna.

Mahaifinku,
Badaru Muzammil, Gaya.